Waƙar Akwati a Gidan Iya Yagana

Ranar da Malam ya ce kowace ta faɗi sana'ar gidansu, na ce amshi, kuka yi dariya. Wata daga bencin baya ta ce ai ko akuya in an yi mata magana tana amsawa. Ban tanka ba, domin bakina ba ya buɗuwa cikin mutane sai da ƙwarya a gabana. Shi ya sa na rubuto muku.

Shekara shida ke nan ina bin Gwaggo Zuwai, yayar babana. Zabiya ce, da kiɗan ƙwarya take waƙa a gidajen biki da suna, daga cikin garin Haɗeja har ƙauyukan bakin fadama. Mu biyu muka rage mata: ni da Yaya Kande, wadda ta girme ni nesa, har tana da 'ya'ya uku.

Aikina na farko wankin ƙwarya ne. Huɗu muke tafiya da su. Akwai uwa, babbar da Gwaggo take kifewa a kan tsohon bargo tana bugawa da tafin hannu. Akwai ƙanana biyu na sanda, su ne nawa yanzu. Sai ta ruwa, wadda ake kifewa a cikin daro, ita ce mai babbar murya, Yaya Kande ke riƙe da ita. Ruwan daron ba a cika shi, ba a kuma rage shi, sai ya kai gaɓa ta biyu ta ɗan yatsa. In ana so muryar ta yi ƙasa sai a ɗan karkata ƙwaryar iska ta fita. In an wanke su ba a shanya su a rana, a inuwa ake jingine su, bakinsu na kallon bango. Na taɓa mantawa da uwa a rana tun hantsi har azahar, ta yi ɗan tsagu kamar gashi. Mai gyartai ya ɗinke ta tsaf, amma da Gwaggo ta ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, ta kara a kunne, sai ta miƙa wa innata ta ce a dama fura a ciki. Kasuwa uku muka ci kafin ta sami wata. Ba ta sayen ƙwaryar duman fadama, ta ce ruwa ya yi masa yawa, muryarsa a shaƙe take. Sai na jigawa, mai kaurin baya.

Shekara guda na yi ban buɗe baki ba, ina zaune a bayansu ina saurare. Da aka ba ni izini, sai na gane abin da ba ku gane ba. Mai amshi ba jira take zabiya ta gama ba. Tana shiga ne tun kalmar ƙarshe tana bakin zabiya, don ita zabiyar ta sami inda za ta ja numfashi ba tare da an ji rami a waƙar ba. Kin yi latti da ƙiftawar ido, kin bar ta a fili, kowa ya ji tana haki. Kin yi sauri, kin take mata magana. Gwaggo ba ta faɗa a gaban mutane. Sandar kiɗa take sawa ta taɓa min babban yatsan ƙafa, tana murmushi tana ci gaba da waƙa. Har yau in na zauna gaban ƙwarya sai na tarar na naɗe yatsuna a ƙarƙashin zane.

Amma mafi wuyar aikin ba a wurin biki ake yin sa ba. Kwana uku kafin biki muke zuwa tambayar gida. Gwaggo za ta zauna da tsofaffin gidan kamar hira ta zo, ana tsinken shinkafa, tana jin wa ya haifi wa, wa ya haƙa rijiyar tsakar gida, wa ya fara zuwa fatauci Barno, waɗanne 'yan'uwa ne ba a haɗa sunansu a baiti ɗaya saboda tsohuwar rigimar gona. Sama da duka, tana neman sunayen da ba a faɗa. Kun sani mace ba ta kiran sunan mijinta, ko na surukinta, ko na ɗanta na fari. To zabiya ba ta sa matan gida amsa waƙar da ke ɗauke da sunan da bakinsu ba zai iya ɗauka ba. Sai ta zagaya, ta ce mai farar rumfa, ko angon wance, kowa ya gane, ba wadda ta sunkuyar da kai. Gidaje sun fi talatin a kan Gwaggo, kowane da nasa, ba ta rubuta ko ɗaya ba.

Shekarar da kogi ya cika ya haura gonaki, shinkafa ta nutse tun tana ɗanya. Da ruwa ya janye ba abin da aka yanka sai ruɓaɓɓen kara. Kakar nan ba a yi biki ba, wanda ya ɗaura aure ma shiru ya kai amarya. Ƙoren nan huɗu suka yi wata biyar a rataye, har zanzaro ya yi ɗaki a cikin ta ruwa. A lokacin ne Ladi, wadda ta fi mu murya duka, ta bar Gwaggo ta haɗa nata 'yan amshin. Gidan da ya riƙe mu shi ne gidan Iya Yagana, masu fataucin busasshen kifi. Asalinsu daga wajen Tafkin Chadi ne, kuma uwar Gwaggo ma ita ta yi wa gidan waƙa. Iya ta aiko a ce mu zo mu taya su banda. Ba ta rasa masu aiki ba, so take ta ba mu abinci ba tare da an ce sadaka ba ce. Muka yi ta jera tarwaɗa a kan raga, idanunmu na ruwa, da yamma mu koma da ƙullin gero. Ban da wannan, sauran gidajen unguwar gidan Iya suke kallo. Zabiyar da ta kira, ita suke kira. In ta sake mu, mun san kakar da ke zuwa Ladi ce za ta ci ta.

Bara wani tela a bakin kasuwa ya sayo garmaho daga Kano, yana wana shi don jan masu ɗinki. Fayafayansa biyar ne, amma ɗaya ne ya cinye garin. Ba sai na gaya muku ba, ku ne kuke rera ta a bakin rijiyar makaranta. Masu talla suna yi, masu fito suna yi a tsakiyar kogi, har wani dogari na ji yana yin ta ƙasa-ƙasa. Malam ya ce mana wannan ba waƙa ba ce, waƙa ita ce wadda aka auna, aka rubuta, take koya wa mutum wani abu. Gwaggo ba ta san Malam ba, amma a nan bakinsu ya zo ɗaya. Mutumin akwati take kiran mai waƙar. Ta ce mutumin da bai san gidan da yake waƙa ba, bai san wa ya mutu ba, bai san wa aka haifa ba, abin da ya faɗa a gidan liman shi zai faɗa a gidan mahauta, wannan ba mawaƙi ba ne, zakara ne. Da Yaya Kande ta ce ai duk duniya na son ta, Gwaggo ta ce duk duniya na son rake, amma ba a kwana da shi a ciki.

Bana bayan yankan shinkafa aka sa bikin jikar Iya. Angon ma'aikacin reluwe ne, danginsa daga Kano za su zo. Muka je tambayar gida kamar kullum, ko da yake ba abin da Gwaggo ba ta sani ba a gidan. Uwar amarya, Fanna, 'yar Iya ce. Ita ta ja Gwaggo bayan rumbu, ni ina riƙe da takalmanta. Ta ce surukan sun aiko cewa matansu ba sa tashi rawa sai da waƙar faifan nan, a Kano ba a yin wuni ba ita. Ta ce ba za ta bari a koma da labarin cewa an kai ɗansu ƙauye ba. Gwaggo ta tambaye ta ko ta saurari abin da waƙar ke cewa.

Fanna ta kau da kai. Ta ce, "Na ji, Gwaggo. Yaya zan yi? In ba za ki iya ba, Ladi ta ce ita tana yi."

Ga abin da ya sa Gwaggo ta yi tambayar. Ɗan farin Iya, wan Fanna, sunansa Habu. Yana cikin samarin da aka ɗauka soja lokacin yaƙin Turawa, aka haye teku da su. Wasu sun dawo, wasu an kawo takardar mutuwarsu. Shi bai dawo ba, takarda ba ta zo ba. Dama Iya ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi, wancan yaron take cewa. Bayan tafiyarsa sai duk gidan suka daina, suka koma ce masa Mai Tafiya. Waƙar faifan kuwa da sunan take farawa.

Ita Iya ba za ta iya cewa kada a yi ba. In ta hana, sai ta faɗi dalili, dalilin kuwa shi ne sunan. Kuma baƙin jikarta ne. Muna zaune a ɗakinta ran nan, tana kaɗi, wata mai tallan ƙuli-ƙuli ta wuce ta bayan katanga tana rerawa. Na ga mazarin ya tsaya. Zaren ya yi sako-sako a hannunta har yarinyar ta yi nisa, sannan ta dangwali alli ta ci gaba. Ba wanda ya gani sai ni. A hanya na gaya wa Gwaggo, maimakon gida sai ta nufi kasuwa.

Muka tsaya a bayan rumfar telan kamar masu taya tabarma. Ya wana akwatin, ya canza allura. Gwaggo ta ce in rubuta duk abin da mutumin ya faɗa, kada in bar ko ɗaya. Sau uku aka juya faifan. A gida ta ce in karanta mata. Na buɗe littafina na karanta:

Habu ka ce gobe,
Habu ga gobe ta yi,
Na share ƙofa, Habu, ban gan ka ba.

Ta jira. Na ce shi ke nan. Ta karɓi littafin ta juya bayansa, ita da ba ta karatu, ta ce waƙar da ta cika gari ita ce wannan da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba? Ta yi dariya, ta ce kafin la'asar za ta gyara ta, irin wannan ko a barci tana yin goma.

La'asar ta yi ba ta gyaru ba. Ta fara sa Yaya a wurin sunan, waƙar ta zama kamar ƙanwa ce ke neman aron tsintsiya. Ta sa Malam, Yaya Kande ta faɗi da dariya. Ta sa Audu, kiɗan ya karɓa, amma Yaya Kande ta ce matan Kano za su ɗauka kuskure ne, su gyara mana da ƙarfi a tsakar gida, abin da ake gudu ya zo da hayaniya. Washegari Gwaggo ta ce to a ƙara mata nama. Ta zuba baitoci a tsakani, yabon amarya, asalin gidan, raƙuman kakan kakanta, don sunan ya yi nisa da juna. Baitocin sun yi kyau, amma waƙar ta mutu. Ni kaina da nake amsawa na ji ba abin da ke jan ƙafata. Ta cire su ɗaya bayan ɗaya har aka koma layi ukun nan.

Daga nan ta daina dariya. Ta zauna tana buga waƙar a cinyarta, tana tsayawa, tana sakewa. Ta ce mu duba inda mai waƙar ya sa sharar ƙofa: bai ce matar ta yi kuka ba, bai ce ta rame ba, tsintsiya kawai ya ba ta, kuma duk macen da ta taɓa jiran wani ta san wannan sharar. Ta ce ya bar wurin numfashi daidai inda mai tafiya da kaya a ka za ta so shi, shi ya sa masu talla suka ɗauka. Yaya Kande ta ce ashe zakaran ya iya cara. Gwaggo ta ce ta rufe mata baki. Ran nan ba ta ci tuwon kirki ba. Innata ta ce mata ta haƙura ta bar wa Ladi wunin, Gwaggo ta ce in Ladi ta yi, sau arba'in za a kira yaron a kan tsohuwar nan, kuma gidan ya tafi duk da haka.

Da safen jajibirin biki tana gwada ruwan daro, ta buga ƙwaryar sau biyu don jin murya. Ta tsaya. Ta sake bugawa, sannan ta rera ka ce gobe a kai. Ta kira mu. Ta ce ba za a canza komai ba, ba kuma za a faɗi sunan ba. Duk inda ya zo, Yaya Kande za ta buga ta ruwa sau biyu da iya ƙarfinta, mu kuwa mu yi shiru, mu shiga a kalma ta gaba. Wanda ya san waƙar, kunnensa zai cika masa.

Yaya Kande ta iya nan take. Ni ce matsalar. Bakina ya saba da ita a makaranta, ku kuka koya min. Sau shida muka gwada, sau shida sunan na fita kafin in kama shi, kuma muryata ce siririya, ita ke hawa kan kowa. Yatsana ya sha sanda har ya yi ja. Can Gwaggo ta ajiye sandar.

Ta ce, "Ke 'yar boko, saurara. Kada ki ce za ki riƙe bakinki, ba zai riƙu ba. In wurin ya zo, ja numfashi. Ba mai kiran suna yana shaƙar iska."

Wunin bikin tsakar gidan ya cika tun azahar. An shimfiɗa wa matan Kano tabarmi a gindin ɗorawa, da ɗaurin kallabinsu mai tsini da ƙamshin turare. Iya tana bakin ƙofar ɗakinta a kan kujera 'yar tsugunne, kusa da mu, har ina ganin jijiyoyin bayan hannunta. Gwaggo ta fara da waƙoƙin gidan, ta jero kakanni, matan unguwa suna guɗa. Matan Kano suka saurara da ladabi, suna fifita. Da aka yi la'asar wata mai jiki a cikinsu ta ce, cikin raha, zabiyar Haɗeja ta gaishe da matattu sun amsa, saura masu rai. Aka yi dariya. Fanna ta kalli Gwaggo. Gwaggo ta gyara bargon uwa, ta kalli Yaya Kande, ba ta kalle ni ba.

Ta ruwa ta yi ƙara sau biyu, muka shiga. Kafin a kai sharar ƙofa matan Kano sun miƙe. Ni ban ga rawar sosai ba, bakunansu nake kallo. Mai jikin nan tana rerawa tare da mu, kuma duk sanda leɓenta ya buɗe a wurin sunan, Yaya Kande na sauke hannu har ruwa na fallatsa mana a zane. Ko tana faɗa, ba a ji. Ina jan numfashi, ina shiga, ina ja, ina shiga, har kaina ya fara juyawa. A zagaye na tara ko na goma na manta. Na ji farkon sunan ya taho kan harshena, na haɗiye shi da iska, na sarƙe, na yi tari. Sanda ba ta taɓa ni ba, Gwaggo ta rufe ramin da muryarta, na dawo.

A lokacin na saci kallon Iya. Na zaci zan ga ta shige ɗaki. Tana nan, hannayenta a kan gwiwa, kuma bakinta yana motsi. Na matsa kunne. Amshin take yi. Tana yin shiru tare da mu in ƙwarya ta buga, sannan ta ce ka ce gobe, a hankali, da muryar da ba ta fi ta mai lazimi ba. Shekara shida ina zuwa gidan, ban taɓa jin ta amsa waƙa ba. Gwaggo ma ta gani, domin ta ƙara zagaye biyar a kan abin da muka shirya, har hannun Yaya Kande ya kumbura.

Da aka tashi, mai jikin nan ta zo ta dafa kafaɗar Gwaggo, ta ce ko a Kano ba ta ji an fito da sunan ras haka ba, har cikin ƙirji yake shiga. Gwaggo ta ce ta gode.

Muna zubar da ruwan daro Fanna ta zo ta ce Iya na kira. Yaya Kande ta kalle ni, na kalle ta. Na bi Gwaggo da ƙananan ƙorena a hammata, na tsuguna a bakin ƙofa. Iya ta daɗe tana warware goro daga ganye. Ta ce bayan salla matar ƙaramin ɗanta za ta haihu in Allah ya yarda, Zuwai ce za ta zo suna, kuma ta zo da waccan waƙar, yadda ta yi ta yau. Gwaggo ta ce to. Har mun yunƙura, Iya ta sake magana.

"Wanda ya yi waƙar nan, uwarsa tana da rai?"

Gwaggo ta ce ba ta sani ba, ba ta taɓa ganinsa ba, a akwati kawai take jin sa.

Iya ta ɓare goron, ta miƙa mata rabi. Ta ce, "In kin sami mai zuwa Kano, a gaishe min da shi."